Shafin Da Ban Juya Ba

Talata, 4 ga wata

Yaya,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyunki, da fatan ƙurar aikin madatsar ruwan nan ba ta gama cinye muku huhu ba. Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi. Ba rashin shigar wayarku kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Kin san ni a waya, bakina kan riga hankalina isa wurin. Direban da ke kai muku kaya ya ce jibi zai juya, don haka a tsaye nake rubutun nan, a kan murfin injin fotokwafi, kafin mai shagon ya dawo.

Inna tana asibiti, yau kwana shida, da bututu a maƙogwaro. Inji ne ke yi mata numfashi.

Kin san tsakuwar maɗaciyar nan da ta dame ta shekara biyu. Sau biyu ana sa mana ranar aiki ana ɗagawa, sau ɗaya don ta yi zazzaɓi, sau ɗaya don likitan fiɗa ya yi tafiya. Wannan karon aka shiga da ita ƙarfe takwas na safe, aka ce awa ɗaya da rabi ne. Ƙarfe goma likitan fiɗa ya fito ya nuna mana tsakuwa uku a kwalba kamar wanda ya ci gasa, ya ce an gama lafiya. Ni da Kawu muka koma kan bencin ƙarfen nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Sha ɗaya, sha biyu, azahar, shiru. Sai wajen ƙarfe uku aka turo gadonta da sauri zuwa ɗakin masu tsananin ciwo, wani dogo mai furfura a gemu yana biye, yana matsa wata baƙar jakar roba. Shi ne likitan barci, shi ne kuma ya yi mana wannan aika-aika.

Da na tare shi, wai allurar da ake yi don tsoka ta saki lokacin aiki ce ta ƙi barin jikinta, ya ba da maganin karya ta har sau biyu ba ta karye ba. Yana maganar yana kallon ƙasa kamar mai ta'aziyya. Na ce masa allura ba jaki ba ce da za ta turje, mutum ne ya auna ta, mutum ne ya zuba. Na ce in lissafin nauyin tsohuwa ya gagare shi, ya biyo ta shagonmu in ara masa kalkuleta. Na faɗi waɗansu abubuwan da takarda ba za ta ɗauka ba, har Kawu ya ja ni waje.

Ba da ka nake magana ba. Shekara huɗu ina ɗinke wa ɗaliban jinya takardun karatunsu, ba wadda ta bi ta hannuna ban leƙa ba, ban da littattafanki da kika bari a akwatin ƙarƙashin gadon Inna. Na san allurar nan minti arba'in take yi, in ta daɗe awa guda. Wadda ta wuni a jiki an zuba ta fiye da ƙima ne, ko makaho ya shafa ya san haka.

Na rubuta ƙara ga shugabannin asibitin, shafi huɗu, na ɗinke ta da bango mai kyau. Ga kwafi nan. Ke aikinki ke nan, sa mutane barci, kin san kalmomin da ke sa su gumi. Ki gyara min duk inda ta yi sanyi. Na san zumuncinmu sai an zauna an zana shi a ƙasa, kakarki da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya, amma shekara uku kika yi a ɗakin Inna kina karatu. So nake a raba mutumin nan da aikinsa kafin ya taɓa uwar wani.

Ƙaninki,
wanda kika laƙaba wa Na-Karanta


Lahadi, 16 ga wata

Na-Karanta,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya, 'yan biyu sun fara haƙori, gidan ba mai sakewa. Wasiƙarka ta same ni ina fitowa daga ɗakin aiki, na zauna a matakala na karanta, na daɗe ban tashi ba. Allah Ya tashi kafaɗun Inna. Ka riƙa yi mata magana a kunne ko da idonta a rufe yake, suna ji fiye da yadda ake zato.

Na karanta ƙararka. Alƙalaminka da kaifi kamar kullum. Amma ban taɓa ko wasali ɗaya ba, kuma ina roƙonka kada ka miƙa ta tukuna. Kafin in ce uffan a kan mutumin da ban gani ba, ka amsa min abu uku. A sati biyun da suka gabaci aikin, me da me ya shiga jikin Inna? Ba na asibiti kaɗai ba, har na kemis, har na maƙwabta, ƙwaya ko ruwa ko allura. Fitsarinta ya ragu a kwanakin? Sannan ranar da likitan barci ya zo gefen gadonta yana tambayoyi, wa ya amsa, ita ko kai?

Ka tattara duk kwali da kwalbar da ke ɗakinta ka zuba a leda, ka rubuto min sunayensu. Allurar nan ba ita kaɗai ke aiki a jikin mutum ba, akwai masu taya ta, akwai masu hana ta. Sauran bayani sai na ga amsarka. An kira ni yanzu, wani lebura ya karye a cinya.

Yayarka


Alhamis, 27 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. An cire wa Inna bututu bayan kwana goma sha ɗaya, tana numfashi da kanta, amma murya babu, sai nuni da hannu. Sun ce huhunta ya kamu saboda daɗewa a kan inji, sun ce ƙodarta ma ta taɓu, wai ba su san dalili ba. Asibiti guda, farin kaya ko'ina, ba mai sanin dalilin komai.

Ƙara kuwa na miƙa ta tun kafin takardarki ta iso, kuma ko ta riga isowa da na miƙa.

Na roƙe ki wuƙa, kin aiko min da takardar jarrabawa. Sau uku na karanta wasiƙarki ina neman inda kika ce an cuci Inna, ban gani ba. Abin da na gani shi ne, wa ya amsa, ita ko kai. Ashe jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ba ki taɓa ganin mutumin nan ba, amma da yake jakar roba ɗaya kuke matsawa, ya fi miki matar da ta sayar da keken ɗinkinta ranar da za ki tafi makaranta. To ni ne mai laifin ke nan? Ni da na kwashe wata biyu ina bin layin kati?

Eh, ni na amsa. Wa zai amsa? Inna, da in aka tambaye ta ina ke ciwo sai ta faro tun daga ranar da ta haife ni? Ya zo da 'yar takardarsa, ya tambayi maganin da take amfani da shi, na ce na hawan jini, ƙwaya ɗaya da safe. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya juya wurinta ya tambaya karo na uku kamar ni ba mutum ba ne a wurin. Na ce masa Malam, ba ta jin irin maganarku, ni ne mai kula da ita. Ya rubuta ya tafi.

Ba wanda ya kula da matar nan kamar ni. Ko ɗan zazzaɓin da ya taso mata kwana goma kafin aikin ni na kashe shi ban dami kowa ba, don kada su samu hujjar sake ɗaga mana rana. Wata huɗu ake jira in an ɗaga, ke kin sani, ita kuma tana murƙususu duk bayan cin abinci. In wannan ne laifin, na amsa.

Ledar kwalabe kuma ba ni da lokacinta. In kina da abin faɗi ki faɗa kai tsaye, ni ba majinyacinki ba ne.

Na-Karanta


Asabar, 9 ga wata

Yaya,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa ki shiru. Yau sati shida ke nan. Direbanku ma na daina ganinsa, wani sabo ke zuwa, shi kuwa ya ce ba a ba shi komai ba. In fushi kike, kin san halina tun ina ɗan firamare, sai na gama zuba nake waiwayen abin da na zubar. Maganar keken ɗinki bai kamata ta fito daga bakina ba. Inna ba ta taɓa ambatarta ba.

Ta dawo gida. Tana takawa daga gado zuwa ƙofa tana dafa bango. Murya ta fara dawowa, amma kamar ana jan tsintsiya a kan siminti.

An dakatar da likitan barcin. Kwamiti zai zauna ranar ashirin ga wata, an ce mu zo da ita. Ranar da takardar ta zo na karanta wa Kawu sau biyu a tsakar gida, na zaci zan ji daɗi fiye da haka.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne labarin da Inna ta ba ni shekaranjiya ina yanke mata farce. Ta ce ranar aikin ta farka, tana jin ƙarar ƙarafa, tana jin ana kiran ta, amma ko fatar idonta ta kasa ɗagawa. Ta nemi numfashi ta rasa inda yake. Ta ce ta yi zaton haka mutuwa take, kana ciki ana ta harkoki a kanka. Sai wata murya ta matso kusa da kunnenta.

"Mama, na san kina jina. Ba mutuwa kike ba, magani ne bai sake ki ba. Ni zan yi miki numfashi har ya sake ki, ba inda za ni."

Ta ce daga nan ya riƙa ƙirga mata, ɗaya, biyu, iska na shiga ƙirjinta, har barci ya sake ɗauke ta. Duk sanda ta ɗan taso sai ta tarar da ƙirgar tana nan. Na tambayi wata ma'aikaciya da ke zuwa shagonmu. Ta ce injin numfashi biyu ne ke aiki a asibitin, ranar duka da mutane a kai. Awa biyar ya yi yana matsa jakar nan da hannu, ya ƙi ba kowa sai sau ɗaya da zai yi salla, washegari ko biro ya kasa riƙewa.

Wannan bai wanke shi ba. Wanda ya tura ka rijiya ya miƙo maka igiya, ai shi ya tura ka. Haka na ce wa Inna. Ta dube ni ta ce ita dai tana son ta ga mai muryar nan ta yi masa godiya. Ban gaya mata shi ne za mu je mu tsaya a kansa ba.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Ƙaninki


Alhamis, 3 ga wata

Na-Karanta,

Gaisuwa gare ka da Inna da Kawu. Na yi hamdala da jin an cire bututun. Jiya takardarka ta 27 ta iso, yau nake amsawa don direba ya tafi da ita. Zagin da ke ciki na ajiye shi gefe, za mu yi wannan wata rana. Layi ɗaya ne ya hana ni cin abinci: zazzaɓin da ka ce ka kashe.

Na san zazzaɓin Inna, daga mafitsara yake taso mata. Na kuma san abin da ake miƙo wa mutum a kemis in ya ambaci wannan, 'yan ƙananan kwalaben allura, jantamaisin. In ba ita ba ce, ka yafe min. In ita ce, zauna ka karanta a hankali.

Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta aiko mata da saƙo. Allurar da muke yi a ɗakin aiki tana zama ne a bakin ƙofar tsoka ta tare saƙon, har tsokar numfashi, shi ya sa muke yi wa mutum numfashi. In an gama muna da maganin da ke tara saƙon ya yi yawa har ya ture ta daga ƙofa. Ita kuwa jantamaisin da danginta can wurin jijiya suke riƙe ɗan aiken, saƙon ya fito kaɗan. Ɗaya ta tare ƙofa, ɗaya ta riƙe ɗan aike, me maganin karyawa zai tara? Ga kuma ƙoda. In an daɗe ana yin jantamaisin, musamman ga tsoho, tana raunana ta, alhali ta nan ita da yawancin alluranmu suke fita. Sai su zauna a jini su yi ta aiki. Ba ita kaɗai ba ce. Gishirin maginiziyam da muke ba masu jijjigar ciki haka yake yi. Wanda ya daɗe yana shan wasu magungunan farfaɗiya kuma akasin haka ne, allurar kan sake shi da wuri. Dalilin tambayar da ka ji kamar raini ke nan. Da mutumin ya sani, da ya auna ƙodarta, ya rage allurar ko ya canza wata, ko ya ɗaga aikin.

Ban ce ba shi da nasa kuskuren ba, ba na wurin. Amma ba a yanke wa mutum hukunci da rabin labari. In ka yi mata allurar nan, ka kai kwalaben gaban duk wanda ka kai wa ƙara, kafin su zauna.

Ni ma ina da nawa. Da na rubuta maka wannan tun a wasiƙar farko maimakon in tsaya yi maka tambayoyi kamar ɗalibi. Na san ka, na san ba a yi maka haka. Littattafan nan kuma ni na bar su a ɗakin, ina alfahari ƙanina na karatu, ban taɓa zama na nuna maka inda suke cizo ba.

Yayarka


Juma'a, 22 ga wata

Yaya,

Sallama. Jikin Inna da sauƙi. Ni ne dai.

Wasiƙarki ta 3 ga watan jiya yau da safe ta shigo hannuna. An mayar da tsohon direban wata hanya, takardar ta yi sati bakwai a aljihun motarsa tare da tsofaffin rasit. Ya kawo ta da kansa yana ba da haƙuri. Kwamiti kuwa shekaranjiya ya zauna.

Jantamaisin ɗin ce, kamar yadda kika faɗa. Kwana tara, safe da yamma, a cinya, da hannuna. Ta ƙarshe ranar aikin, ƙarfe bakwai, a kan gadon asibitin, na ja labule na yi mata don kada zazzaɓin ya dawo a gwada a gani. Fitsarinta ya ragu, na ce ai ba ta shan ruwa ne. Ranar da likitan barcin ya tambaye ta karo na uku ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Kada in ɗora wa direba. Tun ranar da na karanta tambayarki ta farko na san inda ta dosa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa na zage ki. Da na aika miki da zagin, na kwashe kwalaben daga ɗakinta na ɓoye a shago, cikin kwalin takardun da suka lalace. Wanda bai san komai ba ba ya ɓoye kwalba.

A zauren kwamitin mutum biyar ne a bayan dogon tebur, likitan barcin kuma a kujerar roba a gefe, ba farar riga. Na karanta shafi huɗuna da murya mai kyau. Da aka ba shi dama ya ce ya auna allurar daidai, ga takarda. Ya ce bayan abin ya faru ya ga tabon allura a cinyoyinta, ya rubuta a fayil, yana roƙo a tambayi iyalinta. Shugabar kwamitin ta juya ta tambayi Inna ko wani ya yi mata allura a gida.

Yana fara magana na ga Inna ta ɗago kai. Ta gane muryar, Yaya. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta ce, da muryar nan tata ta tsintsiya, "Ba wanda ya yi min allura."

Ni kuma ina zaune, ni da ba a taɓa rufe min baki ba, na yi shiru. Sun sallame shi daga aiki.

Ɗazu wata ɗaliba ta kawo irin takardar da na samo ma'aunin allurar a ciki. Shafi na 212 ne, na tuna, a tsaye na karanta shi ranar, mai ita ta zo karɓa, na ɗauki hoton shafin na miƙa mata. Yau na juya. Layi na huɗu a shafi na 213, an ma ja masa layi a ƙasa: a sanar da likitan barci kafin kowane aiki.

Inna ba ta yi min magana ba tun da muka dawo. Ba fushi take nunawa ba, da ma fushin ne. In na shiga sai ta gyara min wurin zama ta juya fuska bango.

Ban san abin da nake roƙo a wurinki ba.

Ƙaninki


Alhamis, 28 ga wata

Ƙanina,

Muna lafiya, Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Na ba wani injiniya da zai bi ta wajenku wannan, ba na sake yarda da aljihun mota.

Ka san abin da kake roƙo, so kake in ce ya wuce. Bai wuce ba. Ka iya rubuta shafi huɗu, gaya wa kwamitin gaskiya shafi ɗaya ya ishe shi. Ka sa sunan maganin, da kwanakin, da ta ranar aikin, da taka ƙafar. Kada ka sa Inna ta sake tsayawa gabansu, kai ka sa ta a wannan matsayi, kai za ka fitar da ita. Za su iya kai ka gaba saboda allurar, ka shirya wa haka. Sannan ka nemi mutumin da ƙafarka, ba da takarda ba.

In na samu hutu zan zo. Ka ce wa Inna 'yarta tana gaishe ta.

Yayarka


Litinin, 30 ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a shafa min kan 'yan biyu. Inna tana fita har bakin titi yanzu. Na daɗe ban rubuto ba, wata guda, ina jira ne in ga ƙarshen abin.

Na kai ledar, kwalba goma sha takwas, da shafi ɗaya. Sakataren ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na san abin da na sa wa hannu. Na ce wannan karon na karanta har ƙarshe. Sun sake zama, sun yi min faɗan da na cancanta, sun ce za su aika maganata gaba, har yanzu ina jira. Sati uku bayan nan suka janye sallamar, suka aika wa likitan barcin ya dawo.

Bai dawo ba. Ya riga ya karɓi aiki a wani ƙaramin asibiti mai nisa. Na samu gidansa ranar da ake loda kaya, yana tsaye a ƙofa yana naɗe wayar fanka. Na tsara magana tun daga shago, da na isa ba ko ɗaya. Na ce masa ni ne. Ya ce ya sani tun ranar da ya ga cinyarta, ya ga kuma yadda nake amsa tambaya. Na tambaye shi da na faɗa tun farko me zai yi.

"Da na ɗaga aikin sati biyu, ba wata huɗu ba," in ji shi. "Da ka zage ni a ranar ma, na sani. Amma da ta koma gida da ƙafarta."

Ya ce shi ma yana da abin da ke damunsa: ya ga bakinta ya motsa, ya bar ni na amsa, don layi na jiransa. Shekara ashirin da biyu yana aikin, ya san in ɗa ya cika amsawa a fitar da shi waje ake yi. Na ce masa Inna tana son ganinsa amma kunya ta hana ta. Ya ce in gaya mata ba ta yi masa komai ba, shi ma yana da uwa. Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan kati, ya ce tun tana kan inji ya rubuta shi, bai samu wanda zai ba ba, don duk sanda ya doso gadon ina wurin. Sunan allurar da ya yi mata ne da abin da ya faru, a nuna wa duk wanda zai sake sa ta barci. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Na kama masa katifa muka ɗora a mota.

Yanzu likitan barci ɗaya ya rage a asibitin. Matar da ke gadon kusa da na Inna, mai ƙari a ciki, an ɗaga nata aikin zuwa bayan wata biyar. Na gamu da mijinta a layin kati, ya gaishe ni da fara'a, bai san ko ni wane ne a cikin lamarin ba.

Na ba Inna saƙon. Ta karɓi katin ta juya shi gaba da baya, ita da ba ta karatu, ta ce in rufe mata shi da leda a shago kada ya jiƙe. Maganar farko ke nan da ta yi min.

Jiya muka koma a duba ta. Ma'aikaciyar ta ɗauko takarda ta ce, "Mama, akwai maganin da kike amfani da shi?" Inna ta juyo ta dube ni, kamar yadda ta saba. Na miƙe na ce ina waje. Daga kan bencin nan mai gajeriyar ƙafa ina jiyo ta ta ƙofa, ta faro tun daga ranar da ta haife ni. Minti ashirin ta yi, ba wanda ya katse ta.

Akwatin littattafanki yana nan. In kin zo ki zauna da ni a kansu, ko ki tafi da su, duk wanda kika ga ya fi.

Ƙaninki